Bikin Littattafai na Garin Hay: Asalinsa da Yadda A Ke Yinsa

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, da sauran ma'aikata masu son sanin al'amuran duniya, su ji labarin wani taro da a ke yi ko wace shekara a ƙasar Birtaniya. A taron nan mawallafan littattafai ne su ke haɗuwa da masu karanta littattafansu, a yi kwana 11 ana jawabi, ana tambaya, ana gardama, ana ciniki. Turawa suna da irin wannan biki da dama. Na garin Cheltenham, a Ingila, an fara shi tun 1949, yana kuwa cikin mafiya daɗewa a duniya. Na Edinburgh, babban birnin Sikotilan, an fara shi a 1983. Amma wanda za mu ba da labarinsa shi ne na wani ɗan gari wai shi Hay, domin shi ne abin mamaki a cikinsu. Cheltenham da Edinburgh manyan garuruwa ne masu masaukai da manyan makarantu da tashar jirgin ƙasa. Hay kuwa mutanensa ba su kai 2,000 ba, ba shi da jami'a, tasharsa ta jirgi ma an rufe ta tun 1962. Duk da haka shugabannin ƙasashe da mashahuran mawallafa na duniya sun taka ƙafa zuwa can.

INDA GARIN YA KE

Hay yana bakin wani kogi da a ke kira Wye, shi ya sa cikakken sunansa Hay-on-Wye, watau Hay ta bakin Wye. Yana cikin ƙasar Wales, amma daf da iyakar Ingila, har mutum ya kan fita bayan gari da ƙafa ya ga ya tsallaka. Daga Landan tafiyar mil 150 ce da ɗoriya, yamma. Mai zuwa ta jirgin ƙasa sai ya sauka a Hereford, ya hau mota ya ƙarasa mil 20 ɗin da suka rage. Ƙasar tudu ce da kwari, mai yawan ruwan sama, sana'ar mutanenta kiwon tumaki. Kasuwar garin ran Alhamis ta ke ci tun zamanin da. A tsakiyar gari, bisa tudu, akwai wani tsohon gidan dutse mai ganuwa, irin wanda sarakunan da su ke ginawa a bakin iyaka don tsaro, shekarunsa wajen 800.

Ya kamata a san cewa mutanen Wales suna da harshensu dabam da Ingilishi, suna kuma da tsohuwar al'ada ta tara mawaƙa su yi gasa, wadda su ke kira Eisteddfod. Tarihi ya nuna an yi irinta tun 1176, har yau kuwa ana yin ta ko wace shekara da harshen Wales tsantsa, wanda ya ci a ɗora shi bisa kujera ta musamman. Bikin Hay bai fito daga cikin wannan al'ada ba. Yawancin abin da a ke yi a cikinsa da Ingilishi ne, ba kuma gasa a ke yi ba. Asalinsa daga kasuwa ne.

MAI KANTIN DA YA NAƊA KANSA SARKI

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙananan garuruwan karkara na Birtaniya suka fara mutuwa. Injuna sun rage aikin gona, samari suna gudu birni, mai mota kuma ya gwammace ya tafi babban gari ya yi sayayya. Kantuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, Hay ma bai tsira ba.

Ana cikin haka sai wani saurayi mai suna Richard Booth, wanda ya yi karatu a Jami'ar Oxford, danginsa kuwa suna da gida kusa da garin, ya sayi tsohon gidan 'yan kwana-kwana a farkon shekarun 1960, ya mai da shi kantin sayad da tsofaffin littattafai. Mutane suka yi masa dariya, suna cewa wa zai sayi littafi a garin makiyaya? Shi kuwa lissafinsa dabam ne. Ya lura a gari irin wannan gine-gine ba su da tsada, sabo da haka mutum ya iya ajiye littafi dubu ɗari a inda ɗan kasuwan Landan ba zai iya ajiye dubu biyar ba. Ya kuma lura tsohon littafi ba shi da daraja ga mutum dubu, amma akwai mutum ɗaya a wani wuri wanda zai yi tafiyar kwana don ya same shi. In an tara littattafai masu yawan gaske wuri ɗaya, to, masu nema za su zo da kansu, ko da wurin yana bayan duniya.

Sai ya shiga saye ba ji ba gani. Ya sayi littattafan manyan gidaje da a ke rabon gadonsu, da na makarantu da ɗakunan karatu da a ke rufewa. Ya ƙetara Amurka ya yi ta lodi cikin manyan akwatunan jirgin ruwa yana aikowa gida. Da wuri ya cika, sai ya sayi tsohon gidan silima na garin ya cika shi, ya sayi gidan dutsen nan mai ganuwa shi ma ya zuba. Waɗansu daga cikin yaran kantinsa suka koyi sana'ar suka buɗe nasu, baƙi kuma suka zo suka kama haya, har kantunan littattafai a wannan ɗan gari suka kai 30 ko fiye. A gindin ganuwar ma akwai kantoci a fili ba mai tsaro, mutum ya zaɓi littafi ya jefa kuɗinsa cikin akwati ya wuce.

Abin da ya sa sunan garin ya game duniya kuwa wani wasa ne. Ran 1 ga Afrilu, 1977, ranar da Turawa su ke zolayar juna, Booth ya yi shela cewa Hay ta ɓalle daga Birtaniya ta zama ƙasa mai mulkin kanta, shi ne kuma sarkinta. Ya sa kambi da alkyabba ya zaga gari, ya naɗa dokinsa Firayim Minista, ya riƙa sayar wa baƙi fasfo da takardun sarauta. Kada mai karatu ya zaci tawaye ne. Gwamnatin Sarauniya ba ta aika ko ɗan sanda ɗaya ba, kowa ya san raha ce. Amma a cikin rahar akwai magana. Booth yana da ƙorafi a kan hukumomin raya karkara, yana ganin ma'aikatansu suna cin albashi a birni suna tsara wa ƙauye abin da ba su sani ba, gari kuwa ba ya rayuwa sai da sana'ar hannun mutanensa. 'Yan jarida da masu ɗaukar hoto suka yi ca a kan garin, labari ya kai ƙasashe, ya sami tallan da ko ya sayad da kantinsa duka ba zai iya biya ba.

Daga baya waɗansu garuruwan suka kwaikwayi dabarar, kamar Redu a Beljiyam a 1984, da Wigtown a Sikotilan a 1998. Booth ya mutu a 2019 yana da shekara 80. Gidan dutsen ya koma hannun wata ƙungiyar amintattu a 2011, aka gyara shi, aka buɗe wa jama'a a 2022.

FARKON BIKIN

To, kun ji yadda kasuwa ta kafu. Bikin kuwa waɗansu mutane dabam ne suka kawo shi, shekara 20 da 'yan kai bayan Booth ya buɗe kanti. Su ne Norman Florence da matarsa Rhoda Lewis, dukansu 'yan wasan kwaikwayo, da ɗansu Peter Florence, wanda a lokacin bai wuce shekara 23 ba. Sun yanke shawara a 1987 suna zaune a gida, aka yi na farko a 1988. Labarin da a ke bayarwa shi ne, kuɗin da aka fara da shi Peter ne ya ciwo a wasan karta. Ba su da zauren taro na kansu, sai aron wuri: makarantar firamare ta garin, da ɗakunan taro na ƙungiyoyi, da duk inda za a iya jera kujeru.

A shekara ta biyu, 1989, suka yi sa'a babba, mashahurin marubucin wasan kwaikwayo na Amurka, Arthur Miller, ya karɓi gayyatarsu. An ce da aka faɗa masa sunan garin sai ya tambaya ko wani irin burodi ne mai nama a tsakani, don sunan ya yi masa kama da na wani abinci da a ke ci a ƙasarsu. Amma ya zo. Da ma haka al'amarin ya ke, in babba ɗaya ya amsa, sauran ba sa jin nauyin amsawa. Jaridar Sunday Times ta ɗauki nauyin bikin a shekarunsa na farko, kuɗi da talla suka samu.

Abin lura a nan, Sarkin Hay da kansa bai yi murna da bikin ba. A ganinsa biki ne na manyan kamfanonin ɗab'i da masu jaridun Landan, masu tallan sabon littafi, alhali abincin garin tsohon littafi ne. Ya daɗe yana sukarsa a fili. Maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, gama mai sayen tikiti ya ji jawabi ba lalle ne ya shiga kantin tsofaffin littattafai ba. Amma da babu sunan da Booth ya yi wa garin, da wuya wani ya yi tunanin kiran Arthur Miller zuwa ƙauyen makiyaya. Da babu bikin kuma, da kantunan sun fi shan wuya sa'ad da cinikin littafi ta intanet ya zo ya karya kasuwarsu, har yawansu ya ragu ƙwarai.

Norman Florence ya mutu a 1996, ɗansa ya ci gaba da riƙon bikin. Shekarar da ta ɗaukaka shi sarai ita ce 2001. A wannan shekara cutar baki da kofato ta faɗa wa dabbobin Birtaniya, aka yanka miliyoyi aka ƙone, aka rufe hanyoyin karkara, baƙi suka ɗauke ƙafa, ƙasar da Hay ta ke ciki kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa. Duk da haka aka yi bikin, Bill Clinton kuma, wanda bai daɗe da sauka daga shugabancin Amurka ba, ya zo ya yi jawabi. Ya kamanta taron da Woodstock, wani gagarumin taron kiɗa da samarin Amurka suka yi a wata gona a 1969, ya ce wannan shi ne irinsa na masu tunani. Maganar nan ta bi bikin har yau, ba a cika rubuta labarinsa ba a ambace ta ba. Bayansa Al Gore ya zo a 2006, Jimmy Carter a 2008, Desmond Tutu na Afirka ta Kudu a 2009.

YADDA A KE GUDANAR DA SHI

Ana yin bikin daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da makarantun Birtaniya su ke da ɗan hutu na mako guda, sanyi kuma ya yi sauƙi. Da jama'a suka fi ƙarfin makarantar firamare, sai a 2005 aka mai da shi wani fili a bayan gari. Nan a ke kafa manyan tantuna, wani ya ci mutum ɗari biyu, wani fiye da dubu, a haɗa su da hanyoyi na katako masu rufi, domin ruwa ya kan sauko ko yaushe, fili ya zama taɓo. In an gama sai a kwashe kome, ciyawa ta sake tsirowa.

Shiga filin kyauta ne. Abin da a ke biya shi ne tikitin ko wane zama, tsadarsa kuwa gwargwadon sunan mai magana. Zama ɗaya kamar awa guda ne. Mawallafi ya kan hau dakali tare da wani mai yi masa tambayoyi, su yi hira a kan littafinsa, wani lokaci ya karanta kaɗan daga ciki. Sa'an nan a ba jama'a dama. Wannan shi ne gishirin abin, domin ko wane mai tikiti, manomi ne ko ɗan makaranta, yana da ikon ɗaga hannu ya tambayi tsohon shugaban ƙasa ko shaihin malami abin da ya ga dama, a gaban mutane, shi kuwa ya amsa. Da an tashi sai mawallafin ya tafi tantin sayad da littattafai ya zauna, masu saye su yi layi, ya sa musu hannu a littafin ɗaya ɗaya.

Ana yin zama da yawa a lokaci guda, tun safe har dare, jimlarsu cikin kwana 11 ta kan wuce 500. Ba masu ƙaga labari da mawaƙa kaɗai a ke kira ba. Akwai masana tarihi, da likitoci, da masana taurari, da 'yan siyasa, da alƙalai, da dare kuma makaɗa da masu ban dariya. Kwana biyu na farko na 'yan makaranta ne, a kan kawo su cikin motoci su shiga ba biya. A shekarun da suka gabaci 2020 tikitin da a ke sayarwa a biki ɗaya ya haura 250,000. A lura tikiti aka ce, ba mutane ba, gama mutum ɗaya ya kan sayi biyar ko goma.

Hakimin da ya taɓa saukar da babban taro a ƙasarsa ya san inda wuyar ta ke. Masaukan garin ba su isa ko kusa ba, sabo da haka masu gida su kan ba da hayar ɗakunansu, manoma su ba da gonakinsu a kafa ƙananan tantuna ko a ajiye motoci, wani baƙon ma sai ya kama ɗaki tun shekara guda kafin lokaci. Ana sa motoci na musamman tsakanin Hereford da Hay. Masu nuna wa mutane wurin zama da karɓar tikiti yawancinsu 'yan sa kai ne, ladansu su ji jawabi kyauta. Mai gidan abinci da mai masauki suna samun cinikin da zai riƙe su watanni. Amma akwai mutanen gari masu ƙorafi, waɗansu don cunkoso, waɗansu don tun da aka fitad da bikin bayan gari baƙi da yawa ba sa shigowa kasuwa, waɗansu kuma don masu kuɗin birni sun saye gidaje har ɗan gari ba ya iya saye.

A 2020 annobar korona ta hana taro, sai aka yi bikin ta intanet, kyauta, mutane suka kalla daga ƙasashe masu yawa. Haka aka sake yi a 2021, sai a 2022 aka koma fili. A tsakanin nan Peter Florence ya sauka a 2021, bayan shekara 30 da ɗoriya, aka naɗa Julie Finch a 2022 ta riƙe ragamar.

RASSA A ƘASASHEN WAJE

Tun 2006 masu bikin suka fara kai shi waɗansu ƙasashe, da sunansa na Hay. A wannan shekara aka buɗe na Cartagena a Kolombiya, garin da Gabriel García Márquez ya fara aikin jarida, da na Segovia a Sifen. Na Arequipa a Peru ya biyo a 2015, na Querétaro a Meziko a 2016. A ƙasashen masu harshen Sifaniyanci ne dashen ya fi kamawa, har a 2020 Sifen ta ba bikin lambarta ta girma ta Gimbiyar Asturias, tare da kasuwar littattafai ta Guadalajara.

Ba ko ina ya yi tsawon rai ba. Wanda aka fara a Dhaka, babban birnin Bangaladesh, a 2011, mutanen ƙasar sun karɓe shi daga 2015 suka ci gaba da sunan kansu. Na Xalapa a Meziko kuwa labarinsa ya fi nauyi. An fara shi a 2011 da taimakon gwamnatin jihar Veracruz, a daidai lokacin da a ke ta kashe 'yan jarida a jihar. Ɗaruruwan marubuta da 'yan jarida suka sa hannu a takarda, suka ce bai kamata bikin da ke taƙama da 'yancin magana ya zama ado ga gwamnatin da ta kasa tsare masu magana ba. A farkon 2015 masu bikin suka janye daga garin.

A Afirka an yi shi a Nairobi shekaru da dama tare da wani kamfanin ɗab'i na Kenya mai suna Storymoja. A bikin 2013 ne aka yi babban rashi. Kofi Awoonor, mawaƙin Gana kuma tsohon jakadanta a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo taron, ran 21 ga Satumba ya shiga kasuwar Westgate, 'yan bindiga suka afka wa wurin, yana cikin waɗanda aka kashe.

Wani aikin da bikin ya yi suna da shi shi ne zaɓen marubuta 39 waɗanda ba su kai shekara 40 ba daga wani yanki na duniya, a tara rubutunsu cikin littafi ɗaya, a nuna su ga kamfanonin ɗab'i. An yi na Kudancin Amurka a Bogota a 2007, na Larabawa a Bairut a 2010. Na Afirka ta kudu da Sahara an yi shi a 2014, shekarar da hukumar UNESCO ta ba Fatakwal sarautar birnin littafi na duniya, Wole Soyinka ne kuma ya rubuta gabatarwar littafin. Cikin 'yan Nijeriya da aka zaɓa akwai Chimamanda Ngozi Adichie, da Lola Shoneyin, da Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda bayan shekara biyu ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya ta dala 100,000. Ita Lola Shoneyin ita ce ta kafa bikin Ake a Abeokuta a 2013, ta kuma shirya na Kaduna wanda aka fara a 2017, dukansu a kan tsari mai kama da wannan. Sai dai kusan dukan 39 ɗin da harsunan Turai su ke rubutu. Akwai wanda aka zaɓa daga Kwango mai rubutu da Lingala, amma ba wanda ya shiga sabo da rubutun Hausa, ko da ya ke littattafan Hausa da a ke bugawa a Kano ba su da iyaka. Mai zaɓe ba ya zaɓen abin da ba ya iya karantawa, fassara kuwa ta yi ƙaranci.

Akwai kuma zumunci tsakanin garin Hay da Timbuktu ta ƙasar Mali, wanda aka ƙulla a 2007. Dalili shi ne dukansu garuruwan littattafai ne, ɗaya na bugun inji, ɗaya na rubutun hannu, in kuma aka ja layi a taswira daga Hay aka yi kudu sosai, kusan a kan Timbuktu zai faɗa.

WA KE BIYA?

Kuɗin tikiti kaɗai ba ya ɗaukar biki irin wannan. Hayar tantuna, da wutar lantarki, da jirgi da masaukin baƙi, duk kafin a sayad da tikiti ɗaya a ke fara biyansu. Bikin yana hannun ƙungiya ce wadda ba ta neman riba, sabo da haka ta kan cike giɓin da taimakon hukuma, da gudummawar masu hali, da kuɗin kamfanoni masu son a ga sunansu a jikin tanti. Bayan Sunday Times, jaridar Guardian ta riƙe wannan matsayi daga 2002 zuwa 2010, sa'an nan Telegraph ta karɓa a 2011.

Tambaya ta farko da ta taso ita ce ta haƙƙin mawallafi. Shekaru da yawa bukukuwan Birtaniya ba sa biyan yawancin masu magana, wai tallan littafinsu ya ishe su lada. A Hay abin da aka saba ba su shi ne furen wardi da 'yan kwalaben giya. Marubuta suka ce mai kafa tanti ana biyansa, mai gadi ana biyansa, sai wanda aka zo dominsa ne zai koma hannu wofi? A 2016 Philip Pullman ya ajiye matsayinsa na uban bikin Oxford sabo da wannan, maganar ta yi ƙarfi, bukukuwa da dama suka fara biya. Biyan kuwa ya daɗa musu nauyin da ya sa suka ƙara dogara ga kamfanoni.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, ita ce kuɗin wa ya halatta a karɓa. Wani kamfanin juya dukiya na Edinburgh, Baillie Gifford, ya daɗe yana taimakon bukukuwan littattafai na Birtaniya, har da Hay. A 2024 wata ƙungiya ta marubuta da ma'aikatan ɗab'i ta ce kamfanin yana da jari a harkar man fetur da gas, da kuma kamfanonin da ke da hulɗa da Isra'ila, alhali ana yaƙi a Gaza. Kamfanin ya amsa cewa abin da ya sa a harkar mai kaɗan ne ƙwarai cikin dukiyar da ya ke juyawa, zargin kuma an zuzuta shi. Waɗansu da aka gayyata suka fara janyewa ana gab da buɗewa. Ran 24 ga Mayu, biki yana kwana na biyu, shugabanninsa suka ba da sanarwa sun dakatad da karɓar kuɗin kamfanin. Bayan 'yan kwanaki na Edinburgh ya bi sahu, kafin tsakiyar Yuni kuwa hulɗar kamfanin da sauran bukukuwan littattafai duk ta yanke.

Marubuta suka rabu biyu a kan wannan. Waɗansu suka ce an wanke hannu daga abin kunya. Waɗansu suka ce rijiyoyin mai ba su rage ko ɗaya ba, abin da ya ragu shi ne kuɗin kawo 'yan makaranta da na rage tsadar tikiti, ƙananan bukukuwa kuma, waɗanda ba su da sunan Hay, su ne za su fi jin jiki. Ko wane ɓangare yana da hujja, amma a ganinmu ta biyun ta fi kusa da abin da ido ya gani, gama ba a sami wani mai kuɗi da ba shi da abin zargi ya taso nan da nan ya cike gurbin ba. Masu bikin Hay suka koma neman gudummawa wurin masu karatu da kamfanonin ɗab'i da hukuma. Bikin 2025 an yi shi a filinsa na bayan gari, daga 22 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni.